Babi na Shida: Rabon da Ake Bari a Gona

Mutumin Tasawa ko Mayahi ba ya jiran kalanda ta gaya masa kaka ta kama. Raɓa ce ke fara nauyi da asuba. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi ta rugugi, ya watse ba ɗigo. Ciyawar da ta yi shar a watan Agusta ta soma ja, ƙarangiya ta bushe ta shiga kama ƙafar wando da bakin zane. Yara su dawo daga gona da tumu a hannu, baki duk gawayi. Gaisuwa ma sai ta sauya, a bar tambayar ruwa a koma tambayar amfanin gona. Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba, wannan ƙasa mai rairayi, wadda ruwan shekararta bai cika haura milimita 500 ba, takan fito da duk abin da ta tara cikin wata uku ko huɗu na damina.

Idan ana maganar kaka, hankali yakan tafi ga dammunan hatsi da buhunan wake da gujiya, kuma haka ya kamata, tunda su ne cimaka. Mu a wannan babi bayan masu girbi za mu bi, mu duba ƙananan abubuwan da ake tsinta a gona da daji bayan an kwashe dami: fara, magarya, gujiyar da ta maƙale a ƙasa, ganyen gawo, kaba, karan da ya rage. Wanda ya natsu ya dube su zai ga kusan babu ɗaya cikinsu da ba wani ne ya bar shi ba. Wani ya ɗaga gatari ya fasa sara, wani ya kwashe amfani ya rage na mai kala, wani ya je kasuwa ya ƙi sayar da duka. A ƙasar da ruwa bai wadata ba, zaman mutane ya rataya ne a kan wannan ɗan rabo da ake bari, kuma a yau shi ne ke neman ɓacewa.

Shamuwa ta tafi, fara ta sauka

Alama ta farko a sama take. Shamuwa, wadda ta iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan gawo ko tsamiyar tsakar gari, takan tattara ƴaƴanta wajen watan Oktoba ta nufi kudu. Doguwar tafiya ce, har gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke kamawa daidai lokacin da tamu ke ɗaukewa. Sheƙarta na nan a kan icce duk rani, ba mai taɓawa. Tun muna yara ake hana mu jifar shamuwa ko ɗaukar ƙwanta, ba tare da an yi mana dogon bayani ba. Bayanin yana cikin gona. Abincin shamuwa fara ce da tsutsa da sauran ƙwari, kuma a lokacin da take ciyar da ƴaƴa, wato daidai lokacin da hatsi ke tasowa, yini take tana tsintarsu. Garin da ya bar mata iccen sauka ya rage wa gonakinsa ɓarna ba tare da ya kashe ko dala ba.

Tana tafiya, fara ta zama rabon mutane. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma a ƙauyukan nan kowace yarinya ta san dalili. Idan dare ya yi sanyi, fara takan lafe a jikin sabara da karan hatsi, fiffike ya yi nauyi da raɓa, ta kasa tashi. Mata da ƴanmata su fita tun kafin assalatu da cocila da buhu, suna tsinta da hannu. Rana na ɗagowa aiki ya ƙare, don da fara ta ji ɗumi sai dai a bi ta da ido. A gida a juye ta cikin tafasasshen ruwa, a shanya a tabarma ta bushe, a cire fiffike da ƙafafu, a soya da mai da gishiri da yaji. Abin da ya wuce na ci a auna da tiya ranar kasuwa, ƴan kasuwa su tara buhu-buhu su kai Maraɗi, wata ta ƙetare iyaka har Katsina da Kano. Kuɗin fara ya sayi sabulu, ya sayi littafin makaranta, ya ƙara a kayan ɗakin amarya. Sharaɗin sana'ar ɗaya ne: farar da feshi ya kashe guba ce, kuma wanda ya kwaso ta ya kai kasuwa ya ɗauki alhakin duk wanda ya ci.

Akwai wani abin da mai yankan hatsi ke tararwa wanda ba ya faranta rai: zangarniya da aka yi wa zane mai murɗewa daga sama zuwa ƙasa, ƙwayar wurin duk ta zube. Aikin murzuna ke nan, tsutsar da ke shiga zangarniya tana ci daga ciki, inda feshi ba ya cika kai mata. Masu binciken cibiyar INRAN a Maraɗi sun bi wata hanya dabam. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, dangin zanzaro, wanda ke saka ƙwansa a jikin tsutsar, ƴaƴansa su cinye ta. Sai suka shiga kiwonsa suna raba wa ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye kusa da gonaki lokacin da hatsi ke fitar da kai. Ƙwaron tun asali yana ƙasar. Manomin da ya yi wa gonarsa feshi barkatai yakan kashe shi tare da maƙiyin, baɗi murzuna ta dawo ba mai tare ta.

Kala

Ka tsaya a bakin gonar gujiya kwana kaɗan bayan an cire. Ƙasa ta riga ta fara tauri kafin a tuge, saboda haka kowane gindi ya bar ƴan ƙwayoyi a cikin rairayi. Sai ga tsohuwa da ƴar fartanya da ƙwarya. Ba ta shiga sai ta yi sallama.

"Mai gona, a yi kala?"

"Bismillah, Inna. Allah ya ba da sa'a."

"Allah ya yi albarka, ɗana, ya nuna mana baɗi."

Ta zauna dirshan, ta miƙe ƙafa, ta karce ƙasa, ta tankaɗe da yatsu. Ƙwaya biyu nan, uku can, wata gara ta riga ta, wata fanko ce ta jefar. Ta ja jiki gaba kaɗan ta sake karcewa. Kafin rana ta take, ƙwarya ta yi nauyi. Abin da ta samu za ta soya ta ƙulla jikarta ta kai talla, ko ta tara har ya isa a matse mai a yi ƙuliƙuli. Mai gona bai yi asarar kome ba, don da ma ba zai dawo ya tone waɗannan ba. Ita kuwa ta samu na cefane da gumin goshinta, ba ta miƙa wa kowa hannu ba.

Kala ɗaya ce cikin ƙofofin da kaka ke buɗe wa marar gona. Ta biyu ita ce zakka. Shari'a ta ɗora ɗaya cikin goma a kan amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, ɗaya cikin ashirin a kan na ban ruwa, kuma a karkara lissafin a fili ake yinsa: ana ɗaure dami ana ƙirga, na goma a jingine shi gefe. Ba a kai shi rumbu balle rai ya saba da shi. Bayan zakka akwai damin malamin da ke karantar da yara, da na ƙanwa ko gwaggo da ke aure a wani gari, da na maƙeri, da na makaɗin da ya zo gayya. Kafin duk wannan, manomin kirki ya riga ya zaga gonarsa ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika da tsawo, ko zango ne ko HKP mai saurin nuna, ya ɗaure su dabam. Wannan iri ne. Ko yunwa ta kai ina, gidan da ya ci irinsa ya ci baɗinsa.

Waɗannan ƙofofi suna ƙuntata, kuma dalilin a bayyane yake. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura dubu 500, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun yanka shi gida-gida. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekara biyu ko uku, ta zama labari a wurare da yawa. Mata su ne farkon waɗanda ke rasa gamana, wato ƴar gonar da ake ware wa mutum ta kansa, idan ƙasa ta yi kaɗan. A gona da yawa yanzu matan mai gona da ƴaƴansa ne ke yin kala da kansu, don abin da aka girba bai kai wata shida ba. Ba a zargin mai yunwa da rowa. Abin lura shi ne, duk ranar da aka rufe wa tsohuwa ƙofar kala, an mai da ta mai bara, kuma nauyinta zai dawo kan garin ta wata hanya.

Amfanin da ba a shuka ba

Tun kafin ciyawa ta gama bushewa mata ke tanadin miyar rani. A tsinko tafasa, da lalo, da yoɗo, da yaɗiya, a shanya a inuwa, a ɗure a buhu. Sai magarya ta nuna, ƴaƴanta su yi ja-ja, yara su kakkaɓe da sanda su cika aljihu, mata su daka busasshiyar su fitar da gari mai zaƙi. Sanyi na shiga aduwa ta fara zuba. Ana tsotsar ƴaƴanta, ana fasa ƙwallon a fitar da mai, iccenta kuma da shi ake sassaƙa allo da ƙotar fartanya. Ƴaƴan kalgo a tara wa awaki. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an yaɗa dabarar aura wa magaryar gida reshen magaryar Indiya mai manyan ƴaƴa, saiwa ta ƙasarmu mai jure fari, ƴaƴa kuwa masu shiga kasuwar birni. Ko wannan sabuwar dabara sai da tsohuwar magarya tsaye a gona take yiwuwa.

A shekarar wadata waɗannan abubuwa marmari ne. A shekarar wahala su ne tsakanin mutum da kabari. Dattawa sun san yadda ake sussuke ƙarangiya a fitar da ƴar ƙwayarta a yi tuwo, sun san yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. A 2005 an sake komawa ga anza a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan. Inda aka riga aka share daji ƙarƙaf, ko wannan mafaka ba a samu ba.

Gawo da sassaben zamani

A daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da ganye, gawo ke tofo. Duk damina yana tsaye fari fat ba ganye. Ruwa na ɗaukewa sai ya yi kore, ya yi fure, zuwa tsakiyar rani ya zubo da ƴaƴa masu lanƙwasa waɗanda awaki da tumaki ke rububi. Wannan saɓani nasa shi ne amfaninsa. Da damina ba ya yi wa hatsi inuwa. Saiwarsa ta nutsa can ƙasa, ba ta cika ƙwace wa shuka ruwa ba. Ganyen da ya zubar gab da shuka ya zama taki, dabbobin da suka yini a inuwarsa da rani sun bar kashinsu a gindinsa. Ba sai an kawo ma'auni ba: da kaka ka dubi kaurin karan hatsi a ƙarƙashin gawo, ka dubi na fili. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, cikin ƙarni na 19, saran gawo ba izini laifi ne da ke iya cin ran mutum.

Duk da haka an yi zamanin da gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal. An koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Doka ta mai da icce na gwamnati, manomi ya ga barinsa a gona jawo wa kai tara ne daga ma'aikatan gandun daji. Fari ya zo a 1973 da 1974, ya sake dawowa a 1984, shekarar da mutanen nan ke kira El-Buhari saboda yunwar ta haɗu da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari. Aka sare abin da ya rage aka sayar a ci abinci. Iska ta samu hanya, ta riƙa binne shuka da rairayi har sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku.

A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashen itatuwa da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura da abin da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Waɗannan ƴan tsirrai da ake ɗauka ciyayi ne, tofon kututturan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dashe yana mutuwa don saiwarsa ba ta yi nisa ba, wannan kuwa saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Abin da yake bukata kawai a bar shi. Dabarar da aka sa wa suna sassaben zamani ba ta da wuya. Manomi ya zo gindin sabara ko kalgo ko gawo mai tofo goma sha, ya zaɓi uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da lauje mai kaifi, ya rage wa waɗanda ya bari rassan ƙasa. Abin da ya sare ya kai gida a hura wuta. Baɗi ya sake rage ɗaya. Cikin ƴan shekaru icce ya wuce kai.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. Bayan yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari su maƙwabta suka ga matansu sun daina doguwar tafiya neman makamashi, suka ga shukarsu ta tsira daga iska. Daga nan abin ya bi gona-gona. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, maƙwabciyar Tasawa da Mayahi, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da mata da makiyaya a ciki. Da masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi a shekarun 2000, suka ƙiyasta kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da manomin Burkina Faso Yakuba Sawadogo. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙi a kan iccen da ya raina a gonarsa. Wannan daji gaba ɗaya talakawa ne suka tayar da shi, da lauje da haƙuri.

Gulbin Kaba

Kwarin Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Kanambakashe da Mayahi ya nufi yamma. Ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar dā, amma yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goriba ta yi gida a wurin. Da aikin gona ya lafa, mata sukan shiga kwarin yankan kaba. A shanya, a tsaga, a rina wata, a zauna a inuwa ana saƙa ana hira. Tabarma, igiya, faifai, malafa da kwando duk daga nan suke fita zuwa kasuwannin ƙasar da na ƙetare. Ga mace marar gamana, kaba ita ce gonarta.

Sai dai kaba ƙuruciyar goriba ce. Idan aka bar ta, shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta yi gangar jiki, ta tashi, ta rabu biyu, ta yi ƴaƴan da yara ke gwagwiya. Idan kuwa ana yanke mata sabon ganye tun bai buɗe ba, shekara da shekaru, sai ta dawwama a ƙasa tana yaɗuwa gefe-gefe. Wanda ya bi kwarin zai ga tsofaffin goriba tsaye jefi-jefi, ƙasa cike da kaba, masu tasowa a tsakani kuwa ƙalilan. Tsofaffin in sun faɗi, babu magada, kuma goribar da ta girma ce kaɗai ke ba da ƙwallon da sabuwa za ta tsiro. Ba wanda zai ce wa mai saƙa ta daina yanka, don da shi take ciyar da ƴaƴa. Maganin shi ne na sassaben zamani: a kowane kurmin kaba a ware kai ɗaya ko biyu da ba a taɓawa, gari ya sani, mai yanka ta sani, a yanki sauran. Manoman da suka yi haka a gonakinsu na bakin kwari suna da matasan goriba a yau.

Kara da kofato

A dā, in an yanke zangarniya sai a kwantar da kara a bar shi a gona. Shanun Fulani da raƙuman Buzaye da suka yi damina a arewa su gangaro su ci, su kwana a gonar, su bar taki. Mai gona ya ba makiyayi dami, matar makiyayi ta kawo nono. Har gawo yana cin moriyar wannan zumunci, don ƙwayarsa mai tauri takan fi saurin tsira idan ta bi ta cikin dabba. Karan da ya rage ya tare ƙurar hunturu mai ɗauke da albarka, gara ta ja shi cikin ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya.

Yanzu kara kuɗi ne. Ana gama girbi a kwashe shi, da harawa da ganyen gujiya, a jibge a kan icce ko rumfa, a ajiye wa tumakin gida ko a sayar da bazara. Wasu har da manjagara suke bi. Makiyayi ya iso ya tarar da fili, burtalin da zai bi an cinye gefensa da noma, makiyayar da ta rage garmani ya mamaye ta, ciyawar da dabba ba ta so. Nan ne fitina ke tsira. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe mutum fiye da 100, galibinsu mata da yaran makiyaya. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tanadi burtali da mashaya, kuma kowace shekara hukuma da sarakuna kan tsayar da ranar sakin gonaki, galibi cikin Disamba. Doka tana hana makiyayi shiga kafin ranar, amma ba ta iya tilasta wa manomi ya bar abin da za a ci bayan ranar. Wannan sai hankalin mai gona. Wanda ya kwashe rabi ya bar rabi ya ciyar da tumakinsa, ya rufe ƙasarsa daga iska, ya kuma sayi taki da zaman lafiya.

Rumbu da kasuwa

Gwajin ƙarshe a bakin rumbu yake. A tsarin gandu na dā, maigida yakan cika babban rumbu ya rufe, ba a buɗewa sai damina ta faɗi an koma noma. Rani a ci daga gamana da sana'a da abin da ƴan ci-rani suka aiko. Hatsin kuma da zangarniyarsa ake ajiyewa, ba a sussukewa sai za a ci, don haka ya fi jure ƙwari. Irin shawarar da Annabi Yusuf, alaihissalam, ya ba mutanen Masar ke nan a shekarun wadata.

Amma kaka ita ce lokacin da kowa ke zuwa karɓar nasa. Mai bashin damina, wanda ya ba da tiya ɗaya don a biya shi biyu, yana bakin ƙofa. Ga haraji, ga biki, ga suna, ga kuɗin motar saurayin da zai tafi ci-rani. Kowa ya kai hatsi kasuwa a mako ɗaya, farashi ya faɗi warwas, ɗan kasuwa ya saya ya tara. Wata bakwai ko takwas bayan haka manomin ya dawo sayen hatsin nan da tsada. An ga munin wannan a 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a 2004, farar ɗango ta ci wasu yankuna, buhun hatsin da aka sayar wajen jika 10 bayan girbi ya kai wajen jika 30 a tsakiyar damina. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa.

Akwai dabarun da suka taimaka. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar FAO ta yaɗa tsarin jinginar da amfani: ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba su bashi gwargwadon darajar kayan a farashin kaka, su yi kiwo ko ƙaramar sana'a, su biya bayan wata biyar ko shida, su karɓi hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Ga wake kuma, buhun PICS mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana toshe wa ƙwaro iska ya mutu ba tare da an zuba magani ba, mai wake ya samu damar jiran farashi. Duka biyun sabuwar hanya ce ta yin abin da rufaffen rumbu ke yi.

Saboda haka kira na farko ga mai gona ne: bana ka bar tofo biyar a gindin kowane kututture, ka bar rabin kara, ka ware iri kafin ka ɗaure damin farko, ka amsa sallamar mai kala. Na biyu ga sarakuna da magadan gari: a tsare burtali, a hukunta ɓarawon icce, a tabbatar wa manomi cewa abin da ya raina nasa ne. Na uku gare ka ne, mai karatu, idan kana cikin ƴaƴan ƙasar nan da ke aiki a Maraɗi ko Yamai ko Kano ko bayan teku. Yawancinmu sai an kira mu da damina an ce rumbu ya ƙare muke aikawa, lokacin da kuɗin ba sa sayen abin da za su saya da kaka. Ka aika a watan Oktoba. Ka biya bashin, ka biya harajin, ka ɗauke wa mahaifinka hidimar bikin, domin hatsinsa ya zauna a rumbu har ranar da zai ɗauki fartanya.